Ina Musulmi zai ci abinci a Krakow ya kwana babu shakka?

Tambaya: Zan je taro na kwana biyar a Jami'ar Jagiellonian da ke Krakow, a ƙasar Polan, kuma masaukina yana kusa da tsohon gari. An ce mini mutanen can naman alade ne cimarsu. Ina zan ci in ƙoshi, ban ci haram ba, aljihuna kuma bai yi kuka ba?

Amsa: Malam, wanda ya gaya maka haka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya ba ka. Na daɗe a garin nan, na yi karatu na yi aiki, na kuma raka baƙi daga gida ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Abin da nake gani kullum shi ne mutum ya sauka da tsoro, ya maƙale wa shagon kebab safe da yamma har ya tafi, ya koma gida yana cewa Turawan nan ba su iya girki ba. Ba na so ka yi haka. Mutanen Polan 'yan Katolika ne masu riƙo da al'ada, sun yi ɗaruruwan shekaru ba sa cin nama ranar Juma'a, da lokacin azuminsu na kafin Ista, da daren jajiberin Kirsimeti. Dole ta sa suka ƙware a girkin da babu nama a cikinsa, kuma ta wannan ƙofar za ka shiga.

Bari in fara da abin da ya fi muhimmanci, tun kafin sunayen wurare. Aladen da za ka gani da idonka a faranti ba shi ne matsalarka ba. Wanda ya ɓuya shi ne abin tsoro. Satina na farko wasu abokan karatu suka kai ni wani gidan abinci na gargajiya a ƙarƙashin ƙasa. Kafin mu zaɓi komai sai ga burodi a kwando, da ɗan kasko cike da wani farin abu mai ɗigo-ɗigon albasa, kyauta. Na ɗauka man shanu ne. Har na shafa, na kai baki, sai wanda ke gefena ya riƙe mini hannu. Kitsen alade ne da aka narkar ya daskare, suna kiransa smalec, ana furta shi "smalets". Karramawa ce a wurinsu, kamar yadda za mu tari baƙo da ruwa da goro. Kar ka ɓata rai, tura shi gefe kawai ka ce a kawo maka masło, "maswo", wato man shanu.

To ka haddace waɗannan kalmomin, ko ka rubuta su a wayarka. Wieprzowina, "byefshobina", shi ne naman alade baki ɗaya. Boczek, szynka, schab, karkówka, golonka, żeberka da słonina duk sassan jikinsa ne. Kiełbasa tsiran alade ne, in dai ba an rubuta wani nama daban ba. Skwarki kuma 'yan gutsattsarin kitsensa ne da ake soyawa su yi ƙus-ƙus a barbaɗa kan abinci, kuma su suka fi cin baƙo da yaudara, domin sau da yawa ba a ambata su a takardar jerin abinci. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta a bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa mutane da borin jini, irin su gyaɗa da madara da ƙwai, amma alade ba ya cikinsu. Sai ka buɗe baki ka tambaya. "Nie jem wieprzowiny", ba na cin alade. "Bez skwarek", ban da kitsen nan. Matasa masu kawo abinci a tsakiyar gari kusan duk suna jin Turanci, amma jimla ɗaya da harshensu takan sa su shiga kicin su tambayo da gaske. Na kaza kurczak ne, na saniya wołowina, agwagwa kaczka, kifi kuma ryba, "riba", wanda a nan dai halal ce.

Maganar naman kaza da na saniya da ba a san wanda ya yanka ba, ni ba malami ba ne, ka san malamai sun yi saɓani a kan yankan ma'abota littafi a wannan zamani, ka bi abin da malaminka ya karantar da kai. Ni zan ɗauka kana so ka kauce masa ne. Abin dariya ma, Polan ce kan gaba a kiwon kaji a Tarayyar Turai, tana kuma fitar da naman halal mai yawa zuwa ƙasashen waje, an ma taɓa hana yanka irin na addini a 2013 kafin kotun tsarin mulki ta soke hanin a ƙarshen 2014. Amma wannan naman jirgi yake bi, ba kasafai yake sauka a tukunyar gidan abincin unguwa ba.

Yanzu wurare. Tsakiyar tsohon gari shi ne Rynek Główny, babban dandalin da aka shata a 1257, bayan Mongol sun ƙone garin a 1241. Kowane gefensa kusan mita 200 ne, tsohuwar kasuwar tufafi ta Sukiennice tana tsakiya, kowace awa kuma mai kakaki yana busa daga hasumiyar cocin Maryamu, ya katse busar a tsakiya. Ka je, ka zauna ƙarƙashin laima, ka sha shayi ko kofi, ka kalli dawakai masu jan keke. Amma abincin rana da na dare kada ka ci a nan, don kuɗin kallo ake haɗa maka da shi. Ka shiga titi biyu ko uku daga dandalin, sai ka ga farashi ya sauka, girkin kuma sau da yawa ya fi. In shayin tarihi kake so, akwai Noworolski a cikin Sukiennice tun 1910, da Jama Michalika a titin Floriańska tun 1895, inda masu zane da marubuta suka riƙa taruwa, har yanzu zane-zanensu na rataye a bango. Gidan abinci na Wierzynek ma yana bakin dandalin, ya ɗauki sunan attajirin da aka ce ya yi wa sarakunan Turai walima a 1364, shekarar da aka kafa jami'ar da za ka je. Wannan na ranar da masu taro za su biya ne.

Inda nake kai kowane baƙo ranar farko shi ne bar mleczny, "bar mlecni", ma'ana gidan madara. Kada kalmar "bar" ta firgita ka, ba a sayar da giya a can. Gidajen abincin talakawa ne. An buɗe na farko a Warsaw a 1896, suka yaɗu a zamanin gurguzu, kuma har yau gwamnati tana tallafa wa wasu daga cikinsu a kan kayan girkin da ba na nama ba, shi ya sa abincin ya yi araha haka. Akwai Pod Temidą a titin Grodzka, kan hanyar da ta tashi daga dandali zuwa fadar Wawel, tafiyar 'yan mintoci daga tsofaffin gine-ginen jami'a. Akwai Milkbar Tomasza a titin Tomasza, wanda ya fi zama na zamani, ya kuma fi sauƙi ga baƙo.

Ga yadda abin yake. Ka shiga, ka ga allo a bango an jera sunayen abinci da kuɗinsu. Ka bi layi, gabanka ɗalibi, bayanka tsohuwa da jakar cefane, can kuma malamin jami'a da kwat. Ka faɗi abin da kake so wurin mai karɓar kuɗi, ka biya, a ba ka 'yar takarda, ka miƙa ta wata taga. Wata dattijuwa mai farar riga za ta karɓa ba murmushi, ta juya ta ƙwala wa kicin kira. Ba fushi take yi da kai ba, haka take yi wa kowa. In an kira abincinka ka ɗauka a tire, ka zauna duk inda ka ga kujera ko da akwai mutum a teburin, ka ce masa "smacznego", a ci lafiya. In ka gama, kai za ka mayar da kwanukanka ta ɗaya tagar. Ka je tsakanin ƙarfe ɗaya da uku na rana, domin babban abincinsu, obiad, na rana ne, kuma kafin yamma abubuwa masu kyau sun ƙare. Ka riƙe 'yar tsabar kuɗi. Kuɗinsu złoty ne, "zuwoti", ba yuro ba, duk da cewa katin banki yana aiki kusan ko'ina.

Me za ka ci? Pierogi ruskie tukuna. Kwaɓaɓɓen fulawa ne ake murzawa, a cusa dakakken dankalin turawa da farin cuku da soyayyiyar albasa, a naɗe kamar rabin wata, a jefa a tafasasshen ruwa. Sunan ba daga Rasha ya zo ba, daga tsohon yankin Rutheniya ne da yanzu yawancinsa ke cikin Yukiren, amma bayan Rasha ta kai wa Yukiren mamaya a 2022 wasu gidajen sun sauya masa suna zuwa ukraińskie, kada ka rikice. A nan ne "bez skwarek" za ta yi maka rana: ka ce da man shanu, kuma ka tambayi ko da me aka soya albasar da ake zubawa a kai. Akwai mai kabeji mai tsami da grzyby, wato laimar kwaɗin daji, wadda mu a gida da yawa ba ma kallonta a matsayin abinci, su kuwa a kaka iyali guda suke fita daji tsintarta. Gwada, ni ma da ƙyar aka shawo kaina, yanzu ita nake nema. Lokacin zafi akwai mai 'ya'yan itace da kirim. In tafiyarka ta faɗo a Agusta, ana bikin pierogi a ƙaramin dandali, Mały Rynek, bayan cocin Maryamu.

Sai placki ziemniaczane, gurzajjen dankali da ake soyawa fale-fale, gefensa ya yi ƙayau. Ka nemi mai miyar laimar kwaɗi ko mai kirim. Wanda aka rubuta "po węgiersku" da miyar nama ake lulluɓe shi, galibi alade. Ka tambayi man suya: "na oleju" man girki ne, "na smalcu" ka san sauran. Naleśniki z serem fanke ne mai faɗi da zaƙaƙƙen cuku a ciki. Pierogi leniwe, wato "na malalata", cuku da fulawa ne aka haɗa aka dafa, a zuba man shanu da sukari. Har shinkafa da tuffa da kirfa suna ci a matsayin abincin rana, wannan kam ban taɓa sabawa da ita ba. Abin sha, kompot, ruwan dafaffun 'ya'yan itace ne, babu barasa a ciki. In ka yi kewar nono, nemi kefir ko maślanka, ko zsiadłe mleko wanda kindirmo ne sak.

Miya a kwano, wadda suke fara ci da ita, nan ne wurin taka-tsantsan na biyu. Żurek, mai tsamin gasarar wani hatsi da Turawa ke kira rye, tsami irin na kamu, ita ce suka fi alfahari da ita, amma kusan kullum da tsiran alade ake yin ta. Haka grochówka da kapuśniak. Barszcz czerwony, jan romon wani tushe da suke kira burak, yakan zo babu nama, musamman irin na daren Kirsimeti, amma wasu da ƙashi suke ɗora shi, don haka tambaya. In da zafi ka zo, chłodnik ita ce zaɓina: burak ɗin ne da nono da kokwamba da dafaffen ƙwai, mai sanyi, launinta ruwan hoda kamar an rina. Kuma kada ka ga wake ka yi murna: fasolka po bretońsku wake ne da tsiran alade. Bigos, gołąbki, kotlet schabowy da maczanka krakowska duk ka wuce su. Tatar kuma, duk da sunan ya yi kama da na Musulmin Tatar da suka yi shekaru ɗari shida a wannan yanki, ɗanyen naman saniya ne aka niƙa aka fasa ɗanyen ƙwai a kai.

Kifi shi ne mafitarka duk ranar da aka gayyace ka babban gidan abinci. Pstrąg, kifin ruwan sanyi, ana kiwonsa a kwarin Ojców da ke arewa da gari kaɗan, ana gasa shi da man shanu da ganye. Akwai karp na Zator, mai ƙaya da yawa. Akwai śledź, kifin teku da ake jiƙawa a gishiri a ci da albasa da mai, mai sanyi. Ka lura da abu ɗaya: sau da yawa kuɗin da aka rubuta gaban kifi na giram 100 ne, ba na kifin duka ba. Na ga wanda takardar biya ta sa shi salati.

A kan titi, abin da za ka fara cin karo da shi shi ne obwarzanek, a cikin 'yan amalanke masu gilashi, yawancinsu shuɗaye, a kusan kowace kusurwa. Burodi ne murɗaɗɗe kamar gammo, ana tafasa shi kafin a gasa, a barbaɗa riɗi ko gishiri ko wasu baƙaƙen ƙwayoyi da ake kira mak. An ambace shi a takardun fadar sarki tun 1394, kuma tun 2010 Tarayyar Turai ta kare sunansa, ba a yin na gaske sai a Krakow da kewayenta. Da safe ake sayensa. Kafin la'asar ya zama na jifan kare. Sai oscypek, ƙyafaffen cukun tumaki daga duwatsun Tatra, ana gasa ƙanana a kan wuta a sa musu jan jam mai ɗan tsami. Na asali daga bazara zuwa farkon kaka ake yin sa, lokacin da tumaki ke kiwo a kan dutse. Wanda za ka gani a tsakiyar hunturu yawanci na nonon saniya ne, yana da daɗi, ba dai shi ba ne. Ka duba kada a naɗe maka shi da boczek. Don 'ya'yan itace da cuku da zuma, je kasuwar Stary Kleparz, arewa da tsohon gari kaɗan.

Da dare unguwar Kazimierz ake zuwa. Sarki Kazimierz ya kafa ta a 1335 a matsayin gari mai zaman kansa, daga 1495 ta zama mazaunin Yahudawan Krakow, har Jamusawa suka kwashe su a yaƙin duniya na biyu, suka hallaka mafi yawansu. Daga dandali tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin ce a ƙafa. A tsakiyar Plac Nowy akwai wani zagayayyen gini, Okrąglak, wanda kafin yaƙi mayankar kajin Yahudawa ce. Yanzu tagogi ne kewaye da shi, kowace da layinta, ana sayar da zapiekanka: dogon burodi aka tsaga biyu, aka shimfiɗa laimar kwaɗi da cuku, aka gasa, aka zuba miyar tumatir ta kwalba da ganyen albasa. Tsawonta ya kai kamu guda, a tsaye ake ci, cukun na zuba a yatsu, tururi na tashi cikin sanyi. Ka nemi ta asali, mai laimar kwaɗi da cuku zalla, ko mai alayyafo. Sauran an ƙara musu nama iri-iri.

A titin Szeroka za ka ga gidajen abinci masu rubutun Ibrananci da kiɗan Yahudawa. Kada ka ɗauka duk na kosher ne, wato masu bin ƙa'idar yanka da girki ta addininsu. Yawancinsu salon girkin kawai suka ɗauka. Amma akwai kifi, kuma a nan gidan abinci na Hamsa yake, mai abincin Gabas ta Tsakiya, humus da falafel da gurasa, inda za ka ƙoshi ba ka taɓa nama ba. Haka gidajen masu cin ganye zalla, waɗanda suka yawaita a garin saboda ɗalibai. Duk inda ka ga wegańskie, babu komai na dabba a ciki, hankalinka kwance. Chimera a titin Anny, dab da jami'a, wuri ne da za ka nuna abin da kake so da yatsa a zuba maka, yawancinsa kayan lambu. Gidajen 'yan Jojiya ma sun yi yawa, burodinsu mai cuku, chaczapuri, yana riƙe ciki.

Ban ce kada ka ci kebab ba. Mutanen Polan kansu sun mayar da shi abincin dare. Amma ba kowane ne halal ba, har akwai masu yin sa da alade. Dubi takardar shaida a bango, ka yi wa mai yankan sallama, ka tambaye shi kai tsaye. Turkawa da Larabawa da 'yan Bangaladash da Pakistan da ke aiki a irin waɗannan shaguna za su gaya maka gaskiya. Hanya mafi inganci ita ce ka je Juma'a a cibiyar Musulmi da ke titin Sobieskiego, ba nisa da tsohon gari. Bayan sallah ka tambayi mutane inda suke sayen nama da inda suke ci a wannan watan, domin irin waɗannan shaguna suna buɗewa suna rufewa. Titin kuwa sunan Sarki Jan Sobieski yake ɗauke da shi, wanda ya kori rundunar Daular Usmaniyya daga ƙofar birnin Vienna a 1683, shi ne kuma ya ba sojojinsa Musulmin Tatar filaye a 1679, inda masallatansu na katako suke tsaye har yau a Kruszyniany da Bohoniki, can arewa maso gabas.

Giya ma tana ɓuya. Miód zuma ce, amma miód pitny giyar zuma ce. Herbata shayi ne, amma "herbata z prądem", shayi mai lantarki, an tsiyaya masa barasa. Grzaniec da ake sayarwa daga manyan ganguna a kasuwar Kirsimeti ruwan inabi ne mai zafi, komai daɗin ƙamshin kanumfarinsa. A kayan zaƙi, pączki, wato fankensu mai jam a ciki, a gargajiyance da smalec ake soya shi, wasu kuma suna ɗiga barasa a kwaɓin, sai ka tambaya. Duk abin da ke da galaretka, mai rawa kamar daskararren romo, ka bar shi. Sernik, kek ɗin cuku, da szarlotka mai tuffa sun fi sauƙin sha'ani.

In kana da rabin yini, hau taragon cikin gari zuwa Nowa Huta, unguwar da 'yan gurguzu suka fara ginawa a 1949 don ma'aikatan masana'antar ƙarfe. Gidajen madara na can babu 'yan yawon buɗe ido sosai, kuma gidan abinci na Stylowa yana nan tun 1956. In kuma wani mai hannu da shuni ya ce zaɓi inda kake so, Bottiglieria 1881 a Kazimierz shi ne na farko a duk Polan da ya samu taurari biyu na Michelin, wato lambar yabon manyan gidajen abinci, a 2023. Sai an kama wuri tun da wuri, kuma a lokacin kamawar ake faɗa musu abin da ba ka ci.

Tukuici kashi goma cikin ɗari ne in an kawo maka abinci tebur, a gidan madara ba a bayarwa. Kada ka ce "dziękuję", na gode, a daidai lokacin da kake miƙa kuɗi, domin ma'anarsa a riƙe canji. Jira sai canjin ya dawo. Ruwa saye ake yi, ka ce niegazowana in ba ka son mai gas. Yawancin ranakun Lahadi manyan kantuna a rufe suke saboda dokar 2018, amma gidajen abinci da ƙananan shagunan Żabka suna buɗe. Masu tare mutane da dare a titunan dandali suna kiran su zuwa kulob, ko kallonsu kada ka yi.

Abincinsu ba shi da yaji ko kaɗan, abin da suke kira "ostry" ɗan yaye ma zai cinye. Ka zo da garin yajinka a ƙaramar roba mai murfi, a cikin babbar jaka. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa ka bar wa yara a gida: doka ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara cikin Tarayyar Turai daga waje, in aka gani a filin jirgi kwandon shara za su tafi.